In ka shiga Gidan Makama, ka fara ɗaga kai sama

Duk wanda ya tambaye ni ko Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi na Kano, ya kai mutum ya bar aikinsa ya je, ce masa nake e, ya kai, amma da sharaɗi. Kada ya shiga yana ta leƙen kayan da aka jera, ya manta da gidan da aka jera su a ciki. Ni magini ne. Yau da bulo da siminti da rodi nake neman abinci, amma mahaifina, Allah ya jiƙansa, da tubali ya ƙare rayuwarsa, kuma a gabansa na fara cuɗa ƙasa da ƙafa tun ban iya ɗaukar kwando ba. Don haka abin da zan faɗa ra'ayin mai gini ne. Malaman tarihi su yi mini afuwa in na daɗe a kan bango na wuce takubba da sauri.

Wurin ba ya ɓata wa kowa. Yana cikin birnin Kano, daura da fadar Sarki, dab da filin Ƙofar Kudu inda ake jahi ranar Hawan Daushe. Kowane mai adaidaita ya san shi. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ce ke kula da shi, kuma kuɗin shiga ba wanda zai tayar wa magidanci hankali ba ne, ko da ya kwaso yara. A bakin shiga za ka tarar da tsofaffin igwa guda biyu na zamanin Turawa da wasu manyan tukwane. Yara a nan suke fara tsayawa, sai an ja su.

Abin da ake faɗa game da asalin gidan shi ne, a ƙarni na 15 aka gina shi domin Muhammadu Rumfa, jikan Sarki Abdullahi Burja, lokacin yana riƙe da sarautar Makama. Da ya hau gadon sarauta a 1463, sai ya gina sabuwar fada, wadda har gobe ake kira Gidan Rumfa, wannan kuma ya zama mazaunin masu sarautar Makama. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun ɗan yi amfani da shi, daga baya aka raba shi: wani sashe makarantar firamare, wani sashe gidan zama, wani kuma shi ne wannan gidan adana kayan tarihi mai ɗakunan nuni 11.

To, ga inda magini yake da ta cewa. Mutane suna jin an ce gidan ya haura shekara 500 sai su ɗauka ƙasar da aka kwaɓa a zamanin Rumfa ce suke taɓawa da hannu. Ginin ƙasa ba haka yake rayuwa ba. Gidan ƙasa kamar doki yake, ranar da ka daina yi masa hidima ranar ya fara mutuwa. Kafin kowace damina sai an hau an duba rufi, an toshe tsaga, an gyara indararo, an sake yaɓe inda ruwa ya zaizaye. In aka yi sakaci damina biyu ko uku, ruwa ya sami hanya ya shiga azara, shi ke nan, sai labari. Saboda haka abin da ke tsaye a nan aikin hannun magina ne bayan magina, kowa ya karɓa daga ubangidansa ya miƙa wa yaronsa, ba tare da igiyar ta tsinke ba. A wurina wannan ya fi tsada a kan duk wani abu da ke cikin ɗakunan.

Na tafi da wani yarona da nake koya wa aiki, saurayi mai kaifin hannu wanda bai taɓa ganin yadda ake ɗora tubali ba, da kuma gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta ce ita ma tana so ta ga abin da ake ta faɗa. Muna shiga zaure, yaron ya cire hularsa ya ce, "Oga, fanka suka ɓoye a wani wuri?" Babu wata fanka. Kaurin bango ne da tsayin rufi. Bangon ƙasa yana shanye zafin rana a hankali, ba ya barinsa ya ratso sai dare ya yi, lokacin da mutum yake buƙatar ɗumin. Mu kuwa muna ɗora bulo mai rami, mu rufa kwano, sannan maigida ya kwana yana zagin wutar lantarki a watan Afrilu.

Na ce masa ya dubi gindin bangon, sannan ya bi shi da ido har sama. Daga ƙasa yana da kauri sosai, yana tafiya yana sirancewa. Tubali ba mai kusurwa huɗu ba ne irin bulo. Da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai a tsuke, a shanya a rana, sannan a jera shi kan yana kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ita ma ƙasar ba a kwaɓa ta yau a yi gini da ita yau. Sai an zuba ciyawa, a jiƙa, a tattake, a bar ta ta kwana da kwanaki ta ruɓa, a sake jiƙawa a sake takawa. Ɗakin farko na nuni ya taɓo wannan fanni, an ajiye kayan ginin gargajiya mutum ya gani da idonsa, kuma na ji daɗin cewa da shi aka fara, domin da shi ya kamata a fara.

Rufin kuwa shi ya sa na ce a ɗaga kai. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cinta ba, amma tana da iyaka: in ka shimfiɗa ta ta yi tsawo da yawa babu abin da ya tallafe ta, nauyin ƙasar rufi zai lanƙwasa ta. To yaya za ka rufe babban ɗaki da gajeren itace, ba ƙarfe, ba kankare? Sai magabata suka fito da bakan gizo. A dasa azara cikin bango tana ɗan leƙowa, a ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, daga wancan bangon ma haka, har su haɗu a tsakiya, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa. In bakunan suka gicciya juna suka raba rufin gida-gida, sai a jera gajerun azara a tsakani. Daga nan ake samun ɗaurin guga da sauran salon rufi, a sama kuma a tayar da tulluwa don ruwa ya gangare. Yaron ya daɗe yana kallo, can ya ce, "Oga, wa ya yi musu lissafin?" Na ce masa ido da hannu da tsoron kunya. Magini in rufinsa ya faɗo, ba shi da sauran fuska a unguwa, shi ya sa ba ya ha'inci a azara.

Akwai wani abu da nake so masu zuwa su riƙe, saboda yana nuna yadda sana'o'in birnin nan suke cin moriyar juna. Abin da ake shafe rufi da shi don kada ruwa ya ratsa, wato laso, haɗi ne na katsi, wanda ake kwasowa daga gindin rijiyar marina, da gashin da majema suke kankarewa daga fata, da ruwan dafara. Makuba kuma, da ake shafa wa bango, daga ɓawon ɗorawa take. Ka ga ke nan magini yana jiran marini, yana jiran majemi, yana jiran matar ƙauye mai sussukar ɗorawa. In marinar Ƙofar Mata ta mutu, ba shuɗi kaɗai aka rasa ba. Wannan bayani ba ya rataye a bango, sai dai ka ji shi a bakin wanda ya yi aikin.

Daga nan sai ɗakin ganuwa da ƙofofi, inda na sake daɗewa. Akwai taswirar birni da ke nuna yadda badala ta yi ta faɗaɗa: Sarki Gijimasu ya fara ta a ƙarni na 12, Rumfa ya ƙara, aka sake ƙarawa a ƙarni na 17 zamanin Muhammadu Nazaki. An kuma ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, na Ƙofar Waika da na Ƙofar Kabuga. Mutumin yau in an ce Kabuga, mahaɗar titi da cunkoson motoci yake tunawa. A nan zai ga cewa ƙofa ce ta gaske mai ƙyaure, ana rufe ta da dare, akwai Sarkin Ƙofa mai tsaronta, wanda ya makara a waje kuma ya kwana a waje. Ka tsaya ka dubi aikin maƙera a jikinsu, bugun hannu ne tsantsa.

Amma ɗakin nan yana sa ni baƙin ciki, kuma ba gidan ne ya jawo ba. Ka gama kallon taswira, ka fito ka bi ta Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya, ko ta Kansakali, ka nemi ganuwar da ka gani a takarda. Wani wuri tudu ne kawai, wani wuri an yanka an yi shago, wani wurin an kwashe ƙasar an yi gini da ita. Mu magina ba za mu wanke hannunmu ba, don ba aljanu ne suke zuwa da tifa ba. Ni kaina an sha kirana in rushe soron kakanni mai zanko da zane a goshi, don magada suna so a fitar da shaguna. In na ce a bar ko da zauren ne, sai a ce, "Malam, aiki muka kira ka ko wa'azi?"

Ɗakunan sarauta da yaƙi su ne suka fi jan mutane, kuma sun cancanta. Jami'in da ya zagaya da mu ya san aikinsa, ba ya gaggawa, kuma da ya lura da tsohuwa a cikinmu sai ya rage sauri yana cewa, "Hajiya, a hankali, akwai dokin ƙofa." Ya ɗauko zancen tun daga Dala da Barbushe da Tsumburbura, ya biyo ta Bagauda, ya zo kan Sarki Yaji da zuwan Wangarawa, ya sauka a kan Rumfa da kasuwar Kurmi da baƙuncin Shehu Magili. Daga nan jihadi, faɗuwar Alwali, hawan Sarki Sulaimanu, sai Ibrahim Dabo a 1819, wanda zuriyarsa ke kan gadon har yau. Shawarata ita ce kada ka ce za ka zagaya kai kaɗai don ka yi karatun boko. Sulke da lifidi da kwalkwali ba sa magana. Sai an ce maka ga yadda ake tufatar da doki da lifidi mai cushen auduga don kibiya ta maƙale, ga dalilin da ya sa 'yan lifidi suke gaba, kafin abin ya zauna maka a kai.

Na yaba da cewa ba a ɓoye Basasa ba. Abu ne mai sauƙi a tsallake shi, tunda rikicin cikin gida ne, 'ya'yan wa da ƙani. Sarki Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi ƙarƙashin Yusufu suka ƙi, suka fice zuwa Takai. Yusufu ya rasu kafin a gama, ɗan'uwansa Alu ya karɓi jagoranci ya shiga birni a 1894, aka ƙare da kashe Tukur a 1895. Ko shekara goma ba a yi ba sai ga Turawa. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 rundunar Kanar Morland ta shigo, Sarki Alu yana can ya tafi Sakkwato, Sarkin Shanu ya tsaya a fada har ya rasa ransa. Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, aka kama Alu aka kai shi Lakwaja inda ya rasu a 1926, Abbas ya hau. In ka ji wannan a jere, sannan ka tuna igwan nan biyu na bakin ƙofa da kaurin ganuwar da aka yi taƙama da ita, za ka gane cewa ganuwar an gina ta ne don dawaki da kibau, ba don abin da ya zo mata a 1903 ba.

Hotunan sarakuna da na zamanin Turawa na wuce su da ɗan sauri, don yawancinsu mun saba gani a kalanda da littattafan makaranta. Mai sha'awar zamanin jirgin ƙasa da dalar gyaɗa zai sami abin kallo. Gwaggo dai ta tsaya a gaban hoton marigayi Ado Bayero ta yi masa addu'a, ta ce duk 'ya'yanta a zamaninsa ta haife su, ta aurar da su, wanda ba abin mamaki ba ne ga sarkin da ya yi daga 1963 har 2014.

Ɗakin ilimin addini yana da natsuwa: alluna, tawada da alƙaluman kara, rubuce-rubucen hannu. Yarona ya yi allo kafin ya zo wurina, saboda haka a nan shi ya koma malami, yana nuna mini bambancin rubutun mai satu da na ƙwararren da ya rubuta Alƙur'ani da ka. Ɗakin sana'o'i da na kayan kiɗa suna da kyau, kayan noma, saƙa, dukanci, ga su kakaki da algaita da ganguna. Sai dai kayan kiɗa a rataye abin tausayi ne, an yi su ne don a ji su. A tsakar gidan akwai fili inda 'yan Koroso suke wasa, wanda ya dace da ranar da suke yi ya ci riba biyu.

Inda ziyarar ta koma hannun Gwaggo shi ne ɗakin amarya. Tana leƙawa ta riƙe baki, ta ce, "Kai, ɗan nan, wannan ai ɗakina ne!" Jami'in ya yi murmushi ya ja baya ya bar mata fage. Ta shiga nuna mana jere, tana faɗin wanne ake sawa a ƙasa wanne a sama, wanne uwa take tarawa tun yarinya tana tallan goro, wanne dangin uba suke kawowa. Ta ce jere ba ado ba ne kawai, ajiyar mace ce. In fari ya zo ko rashin lafiya, tasa ɗaya za ta zare a kai kasuwa, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ta ce ranar jere ƙawayen uwa ne suke zuwa su yi, kuma ana gane gidan da amarya ta fito daga yadda aka goge kwanukan. Wasu 'yan mata 'yan makaranta da suka shigo bayanmu suka zagaye ta suna ta "Hajiya, wannan fa?", har malamarsu ta zo ta tsaya ita ma tana saurare. Da za a bi ta tawa, duk mai zuwa gidan nan ya zo da tsohonsa ko tsohuwarsa. Rabin bayanin kayan yana gidajenmu, yana zaune a kan tabarma, ba mai tambayarsa.

Abin da ya tsaya mini a rai, kuma haka tarihin ya iso mana tun asali, shi ne sunayen sarakuna sun zo a jere tun daga Bagauda, amma waɗanda suka ɗaura bakan gizon da ke kanmu ba a san ko ɗaya ba. Zazzau ta riƙe sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'arta a ƙarni na 19. Kano tana da sarautar shugaban magina, tana da gidajen da suka gaji sana'ar. Zan so a ce wata rana an ware ko bango ɗaya ne an rubuta waɗanda aka sani daga cikinsu, da unguwanninsu, da gine-ginen da suka yi, tun da sauran dattawan da za su iya faɗa.

Ga mai niyyar zuwa, safiya ta fi, kafin rana ta take kuma kafin motocin makarantu su fara sauke yara, don ɗakunan ba su da faɗin ɗaukar aji guda tare da kai. Ka ware awa biyu, in da dattijo a tare da kai ka ƙara. Ka nemi izini kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoto. Masu tsayi su kula da goshinsu, ƙofofin da ba don gaggawa aka yi su ba. Kada ka bar yara su jingina da bango ko su kankare zane da farce, abin da farce ya cire a minti ɗaya yini guda ne a wurin mai gyara. In ka sallami wanda ya zagaya da kai da ɗan abin shan ruwa, ba ka yi asara ba. In kuma da sauran ƙarfi a jikinka, ka haɗa da marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi a rana ɗaya, ka bar hawan Dala sai da yamma. Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, inda Hanns Vischer, Baturen da ake kira Ɗan Hausa, ya zauna, shi ma ginin ƙasa ne da ya kai a je, amma a ba shi ranarsa daban.

Buƙatata ga masu kula da gidan guda ce. Tunda dole ne a yi gyara kafin damina, a riƙa sanar da lokacin, a bar mutane su zo su ga ana yi. A kwaɓa ƙasa a tsakar gidan, a mulmula tubali, a ɗaura ƙaramin bakan gizo a gaban jama'a, a gayyato ɗaliban kwalejojin fasaha da yaran magina irin nawa su sa hannu. Yarona tun a hanya yake tambayata ko zan koya masa ɗaurin azara. Na ce masa abin da na iya kaɗan ne, amma akwai wani dattijo abokin mahaifina da har yanzu hannunsa bai mutu ba, in Allah ya kai mu bayan sallar Juma'a za mu je mu gaishe shi, mu ji ko zai karɓi ɗalibi.